Ladan Masassaƙi da Tsohon Injin Malam Ɗahiru

"Ga ta nan tafe, ga ta har bakin ƙofarku."

"A shimfiɗa mata tabarma, ta zauna mu ji ta."

To madalla. Labarin wani masassaƙi ne a garin Liba, can ƙasar Maiyama, sunansa Ladan.

In kun taɓa tsayawa kan masassaƙi yana aiki, kun san ba hannu kaɗai ke yin sassaƙa ba. A ƙasa ake zama, a tanƙwashe gwiwa, a matse icen tsakanin tafin ƙafa biyu, sannan hannu ya ɗaga gizago. Sara ɗaya, ƙafa ta mirgina icen kaɗan. Wani saran, ta ƙara mirginawa. Ƙafa ke riƙo, hannu ke sara, ido kuma yana bin jijiyar icen. Haka Ladan ya yi shekara talatin da wani abu a gindin dogon-yaron ƙofar gidansu, yana fitar da turmi da taɓarya da muciya da ƙotar fartanya. Mata har daga Dangamaji da Jiga Birni suna aiko masa, don an ce taɓaryarsa ba ta cin hannu, turminsa kuwa sai uwa ta daka ta gaji ta bar wa ɗiyarta.

Wata shekara, bayan an gama yankan gero, ya shiga daji saran kirya, icen nan mai tauri da ake turmi da shi. Icen ya tashi faɗuwa sai ya juya ta inda ba a zata ba, wani babban reshe ya danne masa ƙafar dama tun daga cinya har gwiwa. Aka ɗauko shi a amalanke, aka wuce da shi Aliero wurin masu ɗori. Wata huɗu ya yi can a kwance, matarsa Balaraba tana jinya. Mai ɗorin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi kuwa ya haɗu, mutum ya tashi har yana tafiya ba sanda. Sai dai gwiwar ta sandare. A miƙe take ɗoɗar, ba ta tanƙwasuwa ko kaɗan. Ko salla a kan benci yake yi.

Da ya komo gida bai yarda an gama ba. Ya zauna kan kujera ya tokare ice da duwatsu, yana sara ɗaya icen ya mirgine. Ya ɗaure shi da igiya jikin dogon-yaro, sai ya zama kowane sara biyu sai ya kwance ya juya ya sake ɗaurewa, yini guda bai fitar da rabin muciya ba. Ran nan Balaraba ta ce bari ta riƙe masa. Ta durƙusa ta kama icen da hannu biyu. Gizago ya zame, ya wuce gab da yatsunta, har ya shafi awarwaronta ya yi ƙara. Ladan ya dubi hannun nata, ya dubi gizagon, ya tashi ya shiga ɗaki ya rataye shi a bango. Daga ranar bai ƙara sara ba.

Ƙanensa ya ba shi tsaron rumfunan da yake ajiyar albasa. Aiki ne ba wuya, ka zauna ka kori awaki, in an kwana biyu ka sa a juya albasa a fid da ruɓaɓɓiya. Tuwo bai yanke a gidan ba, kada ku ce yunwa ce ta dame shi. Abin da ke damunsa daban ne. In hantsi ya yi mata suka fara daka, yana zaune kan bencinsa ƙafa a miƙe, sai ya karkata kunne.

"Wancan turmin gidan liman ne, shekarar da ruwa ya cinye fadama na sassaƙa shi. Wancan mai dasasshiyar murya ba nawa ba ne, na kasuwa ne."

Shi kaɗai yake zancensa, ba mai amsawa. Wani lokaci sai ya ji yatsun ƙafarsa ta hagu suna motsi cikin takalmi, suna neman abin matsewa. Ko guntun ice ya gani a bakin hanya sai ya ɗauka, ya sansana, ya juya shi, ya ajiye inda ya same shi.

Shekara biyu ana haka.

Ran nan da la'asar yana ƙofar gida sai ga Idris a kan babur. Idris ɗin nan ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kowa na cewa ɗan'uwansa ne bawa tun suna yara. Makaniken injin ban-ruwa ne a Jega, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Salamu alaikum! Ina bawan nan nawa, sarkin korar awaki?"

"Ga ubangidanka nan zaune. Haka ake zuwa gaisuwa hannu rabbana, ko goro ɗaya babu?"

"Na zo maka da abin da ya hi goro. Akwai wani tsohon kahinta bayan tasha, Malam Ɗahiru, idonshi ya yi rauni ya bar aiki. Shina da injin juya katako, irin wanda ake fere ƙahwar gado da shi. Ka san mi? Tsaye ake aiki da shi. Tsaye, Ladan! Ba zama, ba tanƙwashe gwiwa. Inji shi juya icen, kai naka kawai ka kanga ƙarhe."

Balaraba da ke zaure tana tsince wake ta ga yadda Ladan ya gyara zama.

Ta ce, "Sabo ne?"

"Sabo, matarmu? Ya girme ki. In ba a yi hankali ba ya girmi wanga tsohon mijin naki. Shi ya sa za ya yi araha. 'Yan gwangwan ma sun riga sun taya, su sikeli za su ɗora shi."

Washegari da safe, tana miƙa masa kunu, Balaraba ta zauna bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba da sassafe.

"Baban Hamida, ni ba kuɗin nika ji ba. Kasonka na albasar bana naka ne, in ka so ka zuba shi rijiya. Abin da nika tsoro, ka ɗora ranka kan wanga ƙarhe shi kada kai. Na ga yadda ka komo daga Aliero. Na ga yadda ka zama ranar da ka rataye gizago. Ba ni son in ga ta uku."

"To in zauna hakanan ina hira da awaki har a kai ni?"

"Ban ce ba. Tahi ka gani. Amma ka ɗauki icenka na kirya ka tahi da shi, kada a gwada maka da farin katako mai laushi kamar rogo. Kuma kada kunyar tsoho ta sa ka ce ka saya."

Ranar kasuwar Jega sai ya zagaya bayan gida ya zaro wani dogon reshen kirya da ya bushe sarai, aka kai shi Maiyama a babur, ƙafa ɗaya tana reto a gefe, daga nan ya shiga mota. Direban ya san shi, ya ba shi gaba don ya sami wurin miƙe ƙafa. Har suka isa bai ajiye icen ba, yana rungume da shi.

Shagon Malam Ɗahiru rumfar kwano ce a wani lungu bayan tasha. Shi kuwa dogon tsoho ne, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai inuwar mutum yake gani. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa, Idris yana ta zumuɗi. Sannan tsoho ya laluba ya yaye wasu tsofaffin buhuna.

Ga inji. Doguwar aba ce ta baƙin ƙarfe, tsawonta ya fi mutum in ya kwanta, tana tsaye kan ƙafafu huɗu masu nauyi. Jikinta wasu ƙarafa ne biyu a jere kamar layin dogo. A gefen hagu akwai kan injin, da haƙoran da ke cizon ice su juya shi, da wilin da bel ke hawa. A gefen dama akwai wani tsini da ake turowa a murɗa, ya tokare icen ta baya. Koren fentinta ya kusa ƙarewa, ƙarƙashinta kuwa har kaza ta taɓa yin kwanci.

Ladan ya matsa ya ɗora hannu. Tsayinta daidai ƙugunsa. Ya tsaya a gabanta ya ji ƙafarsa ba ta ce masa komai ba.

Malam Ɗahiru ya ce, "Masassaƙi, ni ba ni rufe tsamiya da zuma. Bari in gaya maka aibinshi kahin ka gani da kanka. Moton wuta da ke juya shi ya ƙone tun bara waccan. Boris ɗin kai, ƙwallayen ƙarhen da sanda ke gudu kansu, sun ci, in shina gudu har tasha ana ji. Sandar da ke juyawa ta ɗan karkace, wani ice ne ya taɓa kuɓucewa ya buge ta. Ban da wanga, ƙarhen jikinshi ba a yin irinshi yanzu. Shekara talatin da biyar ina ci da shi. Rabin amaren Jega na wancan zamani, kan ƙahwar gadon da ya fere sunka kwana."

Idris ya riga ya shiga ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa nan, yana girgiza can. Ya fito da yanar gizo a hula ya ce, "Zancen moto a bar shi, Baba. Ko da shina da rai, ina wutar take a Liba? Ku ba ni minti goma."

Ya tafi ya dawo da injin ban-ruwa na wani manomi da aka kawo masa gyara, ya girke shi a gefe, ya ɗaura bel daga shi zuwa wilin. Malam Ɗahiru ya karɓi icen Ladan, ya shafa shi daga kai har gindi, ya ce, "Kai, kirya! Ba ka zo da wasa ba." Ya rage masa ƙulle-ƙulle da zarto, ya ɗora shi, ya murɗa tsinin nan har ya kama.

Idris ya ja igiya. Wayyo! Rumfar nan duk ta ɗauki rawa, kwano yana kaɗawa, boris suna kuka kamar an taka wutsiyar kare. Masu shayi da 'yan kamasho suka taru bakin ƙofa.

Aka miƙa wa Ladan wani dogon ƙarfe mai kaifin baki. Ya dubi icensa, bai gan shi ba. Icen da ya rungumo tun daga Liba, wanda ya san kowace jijiya da kowane tabo nasa, ya koma wata inuwa mai wulwulawa. Ya kai ƙarfen yadda hannunsa ya saba, da ɗan sara. Icen ya cafke ƙarfen ya fizge, Ladan ya yi baya, ƙafar da ba ta tanƙwasuwa ta ƙi bin sa, da Idris bai tare shi ba da ya sha ƙasa.

"A'a, bawana, ba kokawa munka zo ba!"

Malam Ɗahiru ya zo ta bayansa, ya ɗora hannuwansa kan nasa. Sai da ya kai baki kusa da kunnensa saboda ƙara.

"Nan ba a sara, masassaƙi. Kanga kawai. Bar shi shi kawo kanshi."

Suka kanga tare. Sai ga ɓawon ice yana tashi, ja-ja-ja, yana zubo masa a ƙirji da gemu. Ƙanshin kirya ya cika rumfar. Rabon Ladan da wannan ƙanshi tun ranar da ya rataye gizago. Ya buɗe baki yana shaƙa, bai ma san ya buɗe ba. Kafin a kira azahar taɓarya ta fito sumul, aikin da a da sai ya yini ya kwana ya ƙara hantsi a kansa.

Da aka kashe inji Idris ya ja shi gefe, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Tsakani da Allah, Ladan. Boris sai an sake, kuma irin nasu sai an aika nesa, in ma an samu. Wagga karkatacciyar sanda ko an sa sabbi cinye su za ta yi. Ga injin da za ka nema, ga mai kullum. Ni na kawo ka, amma in don ni ne, wanga ƙarhen awo ne. Sai dai kai ka san abin da ka ji."

Ladan ya san abin da ya ji, amma bai san sunansa ba. Tsoho kuwa kamar ya ji su, sai ya ce, "Kada ka yanke yau. Tahi da taɓaryar gida masu daka su gani. 'Yan gwangwan sai kasuwa mai zuwa za su taho da mota. In za ka komo, ko ka saya ko ba ka saya ba, taho mini da gizagonka in taɓa. Ni da inji na tashi, ban taɓa riƙe na masassaƙin gaske ba."

Washegari da hantsi Balaraba ta jiƙa gero za ta yi surfe, ta aika aka kira Gwaggo Kande, ƙanwar uban Ladan. Tsohuwa ce da ta daka da taɓaryar kakansa, ta daka da ta ubansa, ta daka da tasa, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Da farko dai aka yaba. Maƙwabta suka leƙo suna shafawa, wata ta ce kamar kwalba.

Balaraba ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta fara. Ɗaya, biyu, biyar, goma. Sai ta tsaya ta goge hannu da zane. Ta ƙara goma, ta sake tsayawa ta goge.

"Ba ni ita nan," in ji Gwaggo Kande.

Ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Ta cilla ta sama za ta tafa irin na lugude, da ta cafe sai taɓaryar ta sulluɓe ta bugi bakin turmi, gero ya watse, kaji suka yo ca.

"Kai! Wagga ba taɓarya ba ce, ƙahwar gado ce ta ɓata hanya."

Mata suka kwashe da dariya. Ita ko ba ta yi ba.

"Dubi nan, Ladan. Kai da gindi dut ɗaya, ba a san wane ne wane ba. Taɓarya ai gindinta ya ɗan hi nauyi, ita ke kai kanta ƙasa, mace ɗagawa kawai nata. Kuma tsakiyarta ina sawun gizago? Nan hannu ke kamawa. Wanga santsi, in hannu ya jiƙe sai mace ta matse da ƙarhi, kahin ta gama surhe ta yi bororo."

"Ana iya gyarawa, Gwaggo. In na ƙware da injin..."

"Ka ƙware da mi? Inji ya san hannun mace? Ubanka in za ya yi wa mace taɓarya sai ya ce ta buɗe tahinta ya gani. Kai ma haka kake yi. Ko ka mance?"

Bai mance ba. Ya dubi Balaraba ko za ta ce wani abu. Ba ta dube shi ba. Ta jingine sabuwar taɓaryar a bango a hankali, ta ɗauko tsohuwarta ta ƙarasa surfen.

Kwana biyar yana juya abin a ransa, yana zaune gaban rumfunan albasa. Ya ce to ko ƙafar gado zai koma yi? Wa ke sayen irin wannan gado yanzu, kowa ya koma na zamani? Ya tuna ƙanshin nan, ransa ya ce saya. Ya tuna yadda icen ya ɓace masa a ido, da yadda hannunsa ya zama mai kangawa kawai, ransa ya ce wannan ba shi ne abin da ya rasa ba. Ran na shida ya ce wa Balaraba ya fasa.

Ta ce, "Allah shi sa haka ya hi alheri. Buga wa Idris waya shi gaya mashi, ka huta da wahalar mota."

"A'a. Dattijon da ya ɗora hannunshi kan nawa ba a ce mashi a'a ta waya. Kuma na yi alkawarin gizago."

Ita ce ta shiga ɗaki ta sauko da shi daga bango. Ta goge ƙura, ta shafa masa man gyaɗa a baki, ta naɗe shi a tsumma ta ba shi.

Ya isa Jega da hantsi. Idris ya riga ya mayar wa manomi injinsa, rumfar shiru, Malam Ɗahiru yana zaune shi kaɗai kan benci. Bayan gaisuwa Ladan ya kwance tsumma ya miƙa masa gizago. Tsoho ya auna nauyinsa, ya bi ƙotar da yatsa har inda hannun Ladan ya cinye ta ta lotsa, ya ce, "Ikon Allah." Sannan Ladan ya faɗi abin da ya kawo shi, bai yi kwana-kwana ba.

Tsoho ya ajiye gizagon kan benci.

"Ba komi. Mi matan sunka ce taɓaryar ba ta da shi?"

Ladan ya fara bayani, zancen nauyin gindi da sawun gizago.

"Tsaya. Ni yanzu da hannu nika gani. Ka taho da ita? Kawo in ɗora ta ka nuna mini."

Ladan ya miƙa masa taɓaryar, tsoho ya ɗora ta kan injin kamar wancan karon, haƙora suka ciji kai, ya murɗa tsini ya tokare gindi. Ladan ya kama hannunsa ya kai tsakiya, yana cewa nan ya kamata a rage, nan a bar tudu. Suna dannawa taɓaryar tana juyawa. Tsoho ya yi tsaki, ya laluba ƙasa ya ɗauko wani guntun katako, ya cusa shi ƙarƙashin wilin nan ya ƙi motsi.

"To, nuna."

Ladan ya ɗauki gizago, don kawai ya yi alama. Ya ɗan sara. Ɓawo ya faɗi ƙasa.

Icen bai motsa ba.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya ƙara sara, da ƙarfi wannan karon. Icen yana nan inda yake, ga jijiyarsa a fili, ga tabonsa, yana jiran na uku. Ba igiya, ba dutse, ba yatsun kowa a kusa. Ya zare guntun katakon, ya mirgina wilin kaɗan da hannun hagu, ya mayar, ya sara. Ya ƙara mirginawa, ya sara. Da farko hannun yana ɗari-ɗari, saran yana fita a karkace, don tsaye ba zaune ba ne, kafaɗa sai ta koyi wata hanya. Can sai abin ya fara daidaita. Kaf, kaf, kaf. Malam Ɗahiru ya ja da baya ya koma bencinsa, ya karkata kai yana saurare.

Ana cikin haka sai ga Idris ya shigo, 'yan gwangwan biyu suna biye da shi da guduma da igiya. Ya tsaya baki buɗe.

"Kai, bawan Allah! Injin a kashe yake!"

"Na sani," in ji Ladan, bai ɗago ba.

"To mi kake yi?"

"Sassaƙa."

"Ba ka ce ka hwasa ba? Matarmu ta bugo mini da sahe."

"Na hwasa hwasawa."

Idris ya zagaya injin ya dawo. "Tsaya in gane. Za ka sayi doki don ka ɗaure akuya jikinshi? Boris fa? Sandar nan karkatacciya fa?"

"Boris su ci, ba gudu za su yi ba. Sanda ta karkace ta huta. Idris, ni ashe ba gudunshi nika nema ba. Shekara biyu mai riƙe mini ice nika nema. Ga shi ya riƙe."

Ya ajiye gizago, yana haki, zufa ta jiƙa masa riga. Ya auna tsakanin haƙoran da ƙarafan nan biyu da tafin hannunsa. Ya sake aunawa. Sannan ya juya wajen tsoho, muryarsa ta yi ƙasa.

"Malam, za ya riƙe turmi?"

"A'a, masassaƙi. Ko ƙaramin turmin yaji bai shiga. Tsawo gare shi, ba hwaɗi."

Ladan ya gyaɗa kai. Turmi shi ne aikin da ya fi so, shi ne kuma aka san shi da shi. Ya daɗe yana kallon ɓawon da ke ƙasa. 'Yan gwangwan suka fara gyaran murya, ɗaya ya ce su fa motarsu tana jira.

"To, turmi ya wuce ke nan," in ji Ladan. "Malam, na saya."

Malam Ɗahiru ya tashi ya zo ya dafa kan injin. Ya mirgina wilin da tafinsa, ya saurari ɗan kukan da boris suka yi.

"Shekara talatin da biyar shina gudu, har mutane na toshe kunne. Ashe tsaye za ya ƙare, kamar ni." Ya ɗan yi murmushi. "Ko da yake ya hi a sa mashi guduma ina ji. Idris, kwance moton ka ba bayin Allah nan, kada su koma hannu banza."

Aka yi ciniki na mutunci, ba a ja ba. Mutum shida suka ɗaga shi, aka sa a motar albasa da za ta koma Maiyama ba kaya, Ladan yana gaba yana leƙowa kowane rami, Idris yana baya yana riƙe da igiya yana ce wa duk wanda suka wuce ga amaryar Ladan nan za a kai ɗaki.

Ladan yana nan Liba har yanzu. Yana sassaƙa taɓarya da muciya da ƙota a tsaye, in ƙafa ta gaji ya zauna kan benci ya huta ya tashi. Ba ya fitar da yawa kamar da, turmi kuwa bai ƙara yi ba, in an zo nema Maiyama yake tura mutane. Balaraba ke karɓar saƙon matan cikin gida, ta auno masa tafinsu da zare. Gwaggo Kande ta karɓi taɓaryar nan da aka gyara, ta ce da sauran aiki, amma ba ta mayar ba. Idris yana Jega yana gyaran injin ban-ruwa. Malam Ɗahiru ya rufe rumfarsa ya koma wurin ɗiyarsa Aminatu a Aliero, ya yi ta cewa zai je Liba ya ji saran, Allah bai nufa ba, da damina ta zagayo ya rasu.